Lambobin Azurfar Maigidana

Direba ne ni a Riyad, mutumin Gusau, kuma kafin wannan abu ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, wani dattijon Balarabe ne a unguwar Murabba. Ba shi da abin so kamar tara tsofaffin lambobin azurfa, irin waɗanda ake bugawa don tunawa da naɗin sarki ko wani babban biki. Da idonsa ya mutu, ni nake ɗauko masa akwatin da suke ciki, yana shafa su da yatsa yana ba ni tarihin kowace.

Wata rana a kasuwar Dira wani dillali ya nuna mini na jabu, kamarsu ɗaya da na maigida. Ya ce in kawo masa ta gaske ya saya, in mayar da ta jabu gurbinta, makaho ba zai gane ba. Na ce sau ɗaya zan yi. Kafin in farga na kusa cinye rabin akwatin.

Ashe hannu ma yana gani. Tsohon ya ji nauyin ya sauya, 'ya'yansa suka ɗora zargi kan Malam Isa, kukun gidan, Bakatsine, don shi ke share ɗakin da akwatin yake. A gabansu Malam Isa ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, kai ka san halina. Faɗa musu."

Na sunkuyar da kai. Aka soke iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Ni na kai shi filin jirgi, yana ta sa mini albarka a mota.

Asirina ya tonu ne da wani abokin maigida ya sayi lamba a Dira ya kawo masa ya taɓa. Tsohon ya gane tasa ce. 'Yan sanda suka kama dillalin, ya ambace ni, aka ɗaure ni.

Da na fito aka mayar da ni gida, na wuce Katsina neman gafara. Na tarar Malam Isa ya rasu. Matarsa ta ce har ya koma ga Allah ana nuna shi a unguwa da sunan ɓarawo. Na tsaya ƙofar masallacinsu na faɗi gaskiya, na tuba, amma mai yafe mini yana ƙasa.

Matasa, in an ba ku amana ku riƙe. In kuma kun riga kun ci, ku faɗa da bakinku tun wanda za a ɗora wa laifin yana da rai.