Yadda Kunyar Lukuman Ta Kusa Hana Mubaraka Zuwa Jamus

Ƙanena Lukuman mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma tun yana yaro yake da wata cuta wadda mutanen Gwandu ke yabo, ni kuwa take ƙona mini rai: ba a taɓa miƙa masa abu ya ce "to" a karon farko ba. Kakarmu ta Dodoru ce ta raine shi, Bafulatana ce da ta gwammace ta kwana da yunwa da a ga bakinta na motsi a gidan mutane. Ita ta cusa masa wannan hali. Ka ba shi fura ya ce ya ƙoshi, alhali cikinsa na ƙugi kana ji. Sai ka sake tayi, ka rantse, ka ɓata fuska, sannan ya sosa ƙeya ya karɓa yana kallon ƙasa. A nan gida ba damuwa, don kowa ya san matsawar aikin mai tayi ce.

Haka ya girma, ya zama malamin Hausa a wata sakandare a Kalgo, kullum yana kan tsohon babur ɗinsa tsakanin can da Gwandu. Aurensa da Mubaraka ma ni na tsaya aka yi, da an bi ta bakinsa da har yau gwauro ne.

Bara wata jami'a a Jamus ta nemi wanda zai riƙa koya wa ɗalibanta hira da Hausa. Wani tsohon malaminsa ya ba da sunansa, kuma Allah ya taimake mu shi ya amsa a madadinsa. Aka ce ya fara yin gaba, in ya sami masaukin iyali matarsa ta bi shi. Mubaraka ta daka kukar miya, ta shanya kuɓewa, ta ƙulle daddawa, ta yi sallama da dangi har Maruda.

Ranar da ya sauka, shugaban sashensu ya kai shi gidan abinci ya ce me zai ci. Lukuman ya ce ya gode, a ƙoshe yake. Bature ya ce to, ya cinye nasa tas a gabansa, ya goge baki. Wani ya yi masa tayin rigar sanyi, ya ce ai garin ba laifi. Mutumin ya mayar da abarsa. Wata ta tsayar da mota cikin ruwan sama ta ce ya shigo, ya ce kada ta wahalar da kanta. Ta ja motarta ta bar shi tsaye yana jiran ta yi ribas.

Da na gan shi a waya, wuyan nan kamar sillen kara, na ce, "Kai Lukuman, mi ya same ka? Ba su da abinci ne?"

Ya ce, "Akwai, Yaya. Mutanen kirki ne wallahi, sai dai ba su iya tayi ba."

Duk wannan da sauƙi. Akwai wata dattijuwa mai kula da masaukin baƙin ma'aikata, ni Mai Makullai nake ce mata. Ta kira shi ta ce gidan iyali ɗaya ya samu, yana so don matarsa ta zo? In babu gidan, ba za a ba Mubaraka izinin shiga ƙasar ba. To matar nan a shekaru ta haife shi, shi kuwa ko sunan Mubaraka bai taɓa kamawa a gaban babba ba, balle ya ce yana marmarinta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, ɗakin nan ma ya ishe ni." Ta ce madalla, akwai wani mutumin Indiya da ke layi.

Mu a Gwandu ba mu sani ba. Damina ta wuce, shiru. Mubaraka ta daina zuwa biki da suna, don da ta leƙo matan unguwa za su fara: "Hajiyar Jamus, jirgin ne ya yi faci?" Warin daddawa ya cika mata ɗaki. Ranar nan ta zo mini da kuka wai ta san Malam ya sami Baturiya. Na ce, "Wace Baturiya za ta iya da shi? Miƙo mini waya."

Da na tsare shi ya faɗa mini komai, har yana kare kansa. "Ta tambaye ni fa, Yaya. Jira nake ta sake."

"Ta sake? Kakarka ce ita? Tashi ka kai mata wayar nan yanzu, in ba haka ba kada ka ƙara kirana Yaya!"

Turancina na sakandare ne, ya yi tsatsa, amma ya kai ni inda nake so. Na ce wa Mai Makullai yaron nan in ya ce a'a ba gaskiya yake faɗa ba, tarbiyya ce. Na ce ta riƙa sake tambaya, ta kuma sakewa, in ya sosa ƙeya to ya yarda ke nan. Da na lissafa mata abubuwan da ya ƙi alhali yana so, matar ta dafe ƙirji. Wai har abincin? Har rigar sanyin? Kamar ta yi kuka. Aka yi sa'a mutumin Indiya bai tare ba, kuma shi kaɗai ne, ana iya sama masa wani wurin. Ta juya ta tambayi Lukuman ko yana son gidan. Ina ji da kunnena ya ce kada a takura wa kowa.

Na daka tsawa, "Sake, Madam!"

Ta sake. Hannunsa ya tafi ƙeya.

"Shi ke nan! Ba shi makulli!"

To ashe matar ta bi ofis-ofis ta koya wa kowa darasina. Daga ranar babu wanda ya ƙara yarda da a'ar Lukuman, har ta gaskiyar. Suka ɗura masa wani kabeji mai tsami kamar ya lalace. Suka ja shi hawan dutse cikin ƙanƙara. Sannan wani farfesa da zai tafi hutu ya ce ko zai riƙe masa karensa. Lukuman ya ce, "Wallahi a'a!" Farfesa ya yi murmushi ya ce ai sun fahimci al'adarsu, ya sake tambaya. Don ruɗewa ɗan banzan hannun ya kai ƙeya. Aka kawo kare da katifarsa da kwanonsa. Kare ya mallake falo, Lukuman ya koma yin salla a kicin da ƙofa a kulle.

A haka Mubaraka ta isa. Ta buɗe ƙofar gidan da ta yi wata da watanni tana mafarki, ta tarar da wani ƙaton baƙin kare miƙe a kan kujera yana hamma. Ba ta ko ajiye jakar daddawar ba. Ta sa Malam ya riƙe igiyar, ta tasa su gaba shi da karen har ofishin Mai Makullai, ta nuna dabbar da yatsa ta ce a'a da Turanci, kalmar da ta fi iyawa ke nan. Dattijuwa ta yi murmushi, ta buɗe baki za ta sake tambaya. Mubaraka ta yi mata irin kallon da take yi wa mai kifi in ya cika tsada. Kafin la'asar an sama wa kare wani masauki.

Yanzu duk abin da za a tambayi Lukuman a sashen, ita ake kira. Ya yi kumatu, wuyan ya cika. Amma ko sannu bai ce mini ba. Wai fushi yake yi, na tona masa asiri a gaban Turawa.