Mutuwar da Garuba Ya Ƙi Faɗa a Waya

A Sokode kowa ya san Garuba mai siba, wato shagon intanet, ko da yake yaran yanzu in ka ce musu siba sai su ɗauka sunan maganin tari ne. Shagonsa yana nan a hanyar kasuwa, bayan layin masu ɗinki. Abin da ya rage a ciki injin fotokofi ne mai nishi kamar tsohuwa a kan tudu, da kwamfuta biyu da aka lulluɓe da zani, ba ka sani ba ko barci suke ko liman suke jira. Shi kansa gemu ya yi fari, tumbi ya fito, amma har yau zamansa a bakin ƙofa zaman wanda ya taɓa riƙe gari ne.

Ya kuwa riƙe ɗin. A farkon shekarun dubu biyu, da intanet ya iso ta igiyar tarho, duk mai ɗa a Jamus ko Gabon wurin Garuba yake zuwa. Sai an kunna wani ɗan akwati ya yi ta kuka kamar akuyar da aka taka wa wuya, sannan layi ya kama. Mutane su jeru a benci, a ci goro, a yi gulmar waɗanda ba su zo ba. Hoto kuma daga sama yake saukowa, kaɗan-kaɗan. An taɓa aiko hoton amarya daga Hambog, ɗankwali ya fito, goshi ya fito, sai aka ɗauke wuta. Uwar ango ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce goshin ma ya ishe ta, yarinyar ba ta da kunya.

Garuba ke buɗe wa kowa akwatin saƙo, shi ke riƙe kalmar sirri a ka, shi ke karanta Faransanci ya mayar da shi Hausa ko Kotokoli. Ya san wanda aka kora daga aiki, ya san wanda ya auri Baturiya yana ce wa gida uwar ɗakinsa ce. Matarsa Barakatu ta yi ta tatsarsa da miya mai daɗi, ba ta samu ko ɗigo ba.

Abin da ya fi ba shi girma shi ne saƙon mutuwa. In ya buɗe akwati ya ga rasuwa, fuskarsa ba ta motsi. Sai ya ce wa mai akwatin, “Layi ya ƙi yau, je ki gida ki huta.” Ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya biya ya ɗauko malamin unguwa. Su shiga gidan a gaisa a tsanake, a bari uwar ta sauke tukunya, a sa wata ta zauna kusa da ita. A fara da cewa jikin nasa ya yi tsanani. Sai zuciya ta ɗan shirya sannan a ƙarasa. Ba uwar da ta ji mutuwar ɗanta a tsaye ta hannun Garuba.

Daga baya wayoyin shafawa suka shigo, benci ya bushe. Kowa ya zama mai shela da gangarsa a aljihu. Mutum bai gama sanyi ba, an liƙa hotonsa da fuskokin kuka a ƙasa. Garuba ya koma kwafe takardun haihuwa, duk wanda ya kawo takarda kuma sai ya sha wa'azi kyauta. “Da, saƙo yana da mai shi,” in ji shi. “Yanzu na duk wanda ya riga gani ne.” Barakatu takan ce ba lalacewar duniya ke damunsa ba, bencin da ya zama na kaji ne.

Bara, wata rana da safe, wani Jibrilu ya kira shi daga Librebil ta Gabon. Abokin zaman Nourou ne, ɗan Salamata, yayar Garuba da aka kai aure Dapaong tun suna yara. Mijinta ya rasu, tana sayar da wagashi, cukun nan da ake rinawa ja, a kasuwa, Nourou ne kaɗai ɗanta namiji. Jibrilu ya ce Nourou ya faɗo daga saman gini a wurin aiki, ko asibiti ba a kai da shi ba.

Garuba ya yi salati, ya dafa injin fotokofi. Sannan ya ce, “Ɗana, don girman Allah kada ka sa a waya. Ka bar ni in isa wurin uwarsa.”

“Ni ban sa ba, Kawu. Amma fa muna da yawa a nan.”

Ya shiga gida ya jawo babbar rigar daga ƙasan akwati, tana warin kafur. Barakatu ta share hawaye ta dube shi.

“Maigida, Dapaong za ka yanzu? Ka kira Malam Awwal, malamin unguwarsu Yaya, mana. Gidansa da kasuwa ko takalmi ba sai ya sa ba.”

“Malam Awwal yana magana a waya kamar mai kiran salla. Kafin ya ajiye, gidansa duk sun ji.”

“To ka kira Yaya da kanka, ka ce ta koma gida ta zauna.”

“In ce mata me? Ni ban taɓa ɗora mutuwa a kan waya ba, ba kuma da ɗan yayata zan fara ba.”

“Wayar ba ta san ka yi rantsuwa ba,” in ji Barakatu.

Ya sa rigar ya fita. Ya tsayar da zemijan, wato ɗan acaɓa, ya nufi tasha. Abin da yake kwantar wa kansa hankali da shi, wayar Salamata ƙarama ce mai maɓalli, ba ta nuna hoto.

Motar ba ta tashi ba sai da ta cika, kuma mutum na ƙarshe kullum sai ya gama cin abinci yake tuna yana da tafiya. Suka haura duwatsun Alejo a hankali. Garuba ya yi ta jera maganar a ransa: wurin da zai zauna, maƙwabciyar da zai sa a kira, yadda zai fara. Bayan Kara, matar da ke gefensa tana ta shafa waya tana taunar gyaɗa, sai ya ga Nourou a wayarta. Hoton Sallah ne, yana dariya cikin farar shadda. Matar ta ce, “Allah sarki, yaro kyakkyawa,” ta shafa ta wuce zuwa wata mai rawa.

A Mango wayarsa ta yi ƙara. Sunan Yaya Salamata ne a jiki. Ya riƙe ta a tafin hannu yana kallo. In ya ɗauka, ko ya yi ƙarya ko ya faɗa, duka biyun kuma bai yarda ya yi su ta waya ba. Ta yanke, ta sake kira. Matar gyaɗa ta ce, “Baba, wayarka ce fa.” Ya tura ta aljihu, ya danne da hannu har ta yi shiru.

Ya isa Dapaong bayan la'asar. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune, takalma jibge. Ya tsaya da babbar rigarsa kamar ango da ya zo an riga an watse.

Salamata tana tsakar gida a kan tabarma, mata kewaye da ita. Hannunta har yanzu da jan wagashi. Ba ta kuka. Ya durƙusa ya fara gaisuwa, ta bar shi ya kai ƙarshe.

“Garuba, tun yaushe ka sani?”

“Tun safe, Yaya.”

“Tun safe.” Ta gyaɗa kai. “Wata yarinya ce ta zo sayen wagashi. Ina naɗe mata, ta ce, Inna, ashe kin iya fitowa kasuwa yau? Ta miƙo mini wayarta. Na ce ƙarya ne, waya ba abin da ba ta faɗa. Na ce bari in tambayi ƙanena, shi ba ya ƙarya. Ina tsaye a tsakiyar kasuwa na kira ka.”

“Yaya, so nake in zo in zaunar da ke. Ba a faɗin irin wannan a...”

“Da ka ƙi ɗauka na san gaskiya ne. Ka faɗa mini ai, sai dai ba da bakinka ba. Masu tumatir ne suka ɗaga ni daga ƙasa.”

Ya buɗe baki, duk maganar da ya jera tun daga Alejo ba wadda ta dace. Ta juya ga wata mata da ta shigo ta'aziyya.

“Je ka wurin maza,” ta ce, ba ta dube shi ba. “A ba shi ruwa, ya sha hanya.”

Ya fita ya zauna a gefen tabarma. Malam Awwal ya miƙo masa hannu, ya ce ai da an kira shi da ya je ya ɗauko ta daga kasuwa tun da wuri. Can Bahauddeen, ƙanen mijin Salamata, ya matso da wayarsa. Ya ce za a tura sanarwar sadakar uku ga dangi na Lome da Kumasi, shi kuma Garuba ya san aikin nan tun kafin kowa, wanne hoto ya fi dacewa? Garuba ya daɗe yana kallon hotunan biyu. Sannan ya sa yatsa a kan wanda Nourou ba ya dariya.