Firigon Kawu da jirgin Martinique

Na buɗe ƙofa da safiyar Asabar, sai ga Kawu Issoufou, ƙanen mamana da ke Montreuil, yana haki. Bayansa ƙarti biyu sun hauro da firigo, wato firji, ta matakala har ƙofarmu a Bobigny.

Laifina ɗaya: bayan sallar Juma'a na yi suɓutar baki cewa ni da madam za mu yi konje, wato hutu, a jirgin ruwa, mu guje wa sanyin Paris.

Ya ce, "Tunda jirgin ruwa ne, babu zancen kilo. Ka sauke shi a Kwatano, akwai direban da zai kai wa mamanka Damagaram."

Na ce, "Kawu, tsibirin Martinique za mu. Jirgin shaƙatawa ne, ba na kaya ba."

"Wa gare ku a can?"

"Babu kowa."

"Me za ku saro?"

"Ba komai. Rana za mu sha, mu kalli teku, mu dawo."

Sai ya juya wajen matata: "Ɗiyata, yaron da ya tashi cikin ranar Damagaram ne zai ƙetare teku neman rana? Tun yaushe abin ya fara mishi?"

Ya tafi ya bar firigon. Wai in yi wa direban jirgin magana, ɗan ratse ne kawai.

Yanzu haka firigo na tsaye tsakiyar salo, wato falonmu, kuma ƙanwar madam ta bugo daga Lyon, wai tana da keken ɗinki.

Jama'a, in akwai wanda ya taɓa yin tafiya da jakarsa kaɗai, don Allah ya zo ya koya mini.