Baƙon da Muka Ɗauka Bahaushe Ne

Makka zuwa Badar

Kafin kiran asalatu muka bar Makka bayan an gama aikin Hajji, a wata tsohuwar bas da aka lafta wa kaya har sama. Murnar zan ga Madina ta hana ni zama wuri ɗaya. Kusa da ni akwai wani dattijo baƙi, dogo, sanye da farar jallabiya. Na gaishe shi da Hausa, ya yi murmushi kawai. Na ce a raina wannan girman kai ya yi yawa.

Sai a shingen 'yan sanda, da aka karɓi fasfo, na ga nasa na Amurka ne. Ni kuwa malamin Turanci ne a Gusau, nan take hira ta ɓarke. Sunansa Abdurrahman. A Badar muka ci gurasar tamis da wake, shayi rabin riyal, a nan ya gaya mini abin da ke cinsa: ɗansa tilo, Bilal, soja ne a Biyetnam. Dole aka yi masa ya tafi, kuma an yi watanni babu labarinsa.

"Yaƙin nan ko a gida babu mai son sa," in ji shi. "Ana ta cewa ya kusa ƙarewa. Ina tsoron ɗana ya zama na ƙarshe da za a kashe."

Madina

Da la'asar muka hango koriyar ƙubba, motar ta ɗauki salati, ni har da hawaye. Direba ya dube mu ya ce, "Yalla, Takari duk ku sauka nan!" Haka ya haɗa Abdurrahman da mu, muka sauka gidan Baba Ilyasu, tela, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina da ƙafa.

Mahaifiyarsa, Goggo Hajara, ta gaida baƙon sau uku bai amsa ba. Ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, aib, abin kunya! An haife ka a Hijaz sai ka yar da harshen iyayenka?"

Na ce, "Goggo, Ba'amurke ne fa."

"Ba'amurke da wannan goshin? Khalas, shi ke nan, namu ne aka sace."

Da na fassara masa ya yi dariya har da tari. Da ta ji zancen Bilal kuwa, sai ta hana shi biyan kuɗin ɗaki, ta kuma sa Baba Ilyasu ya riƙa kamo mana labarai da Hausa a rediyonsa, ni ina juyawa da Turanci.

Ƙuba

Ranar Asabar muka taka zuwa masallacin Ƙuba kamar yadda mutanen gari suka saba, ta cikin gonakin dabino. Abdurrahman ya daɗe a sujada. Da muka dawo da yamma, Baba Ilyasu ya tarbe mu a ƙofa da rediyo a hannu.

"Malam, ta'al, zo ka ji! An sa hannu kan sulhu, sojojin Amurka za su koma gida!"

Na faɗa wa Abdurrahman. Bai yi murna ba tukuna. Ya ce a kai shi gidan waya.

Washegari muka yini a can kafin layi ya shiga, Goggo na zaune a benci da carbinta. Ya yi magana da matarsa, sai muka ga ya jingina da bango yana kuka. Na matsa kusa da shi.

"Yana asibitin soja," ya ce mini. "An yanke masa ƙafa ɗaya. Amma yana da rai, Malam. Da ƙafa ɗaya ma zai iya shigowa gida."

Ban gama fassarawa ba Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofishin Larabawa. Ɗan sanda ya taso a fusace, da aka yi masa bayani ya koma ya zauna.

Gida

Ta Jidda muka tashi, muka sauka Kano da hantsi, washegari ina Gusau. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Ilyasu da gidansa. Mahaifiyata ta tarbe ni a zaure tana shafa kafaɗuna da hannuwana. A da nakan zame in ce na girma, amma ran nan tsayawa na yi har ta gama.