Bindigar Bitrus Tana Gidan Wani

Shekara bakwai ke nan da muka binne Bitrus a Birmingham, kuma har yau bindigarsa tana gidan wani Bature, ba a gidana ba. Na san ba da irin wannan magana ake fara tuna mamaci ba. Amma Bitrus ya san halina, ba zai yi mamaki ba.

Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke kudancin Bauchi, iyayenmu duk mafarauta. Da adaka muka koyi harbi: ka ɗura albarushi, ka danna, ka yi ta jan ciki cikin ciyawa har ka kusa jin numfashin gada kafin ka ja kunama. Na fi shi hannu, shi ma bai taɓa musu ba. Sai dai shi aka kai makaranta, ni aka bar ni da gona. Da rabo ya kawo mu ƙasar nan, ya samu aikin tura marasa lafiya a babban asibitin Edgbaston, ni kuma ina sharar ofisoshi a Manchester, ina zaune a Longsight.

A nan ba a ba mutum bindiga don ubansa maharbi ne. Sai takardu, sai 'yan sanda sun zo sun ga inda za ka kulle ta. Bitrus ya bi duk wannan ya samu lasisi. A wurin koyon harbi ya haɗu da Graham, wani mai gyaran famfo, suka riƙa tafiya Scotland harbin barewa kowace kaka. Rabona a ciki shi ne nama a leda, da labari. Graham ya ce kaza, Graham ya hango kaza. Nakan ci naman ina murmushin yaƙe.

Babban burinsa shi ne elk, wata ƙatuwar barewa ta tsaunukan Kanada, wadda ya ce ta fi gwanki girma. Bindigarsa mai lamba 270 ce, ta ishi barewar Scotland. Amma elk daga nesa ake harbinta, kwari guda tsakaninku. Yakan baza mujallu a falo ya yi ta bayani. Mai lamba 300 harsashinta na da nauyi, yana kai wa nesa da ƙarfinsa, sai dai tana haurin kafaɗa har mutum ya fara runtse ido kafin ya harba. Ƙaramar kuwa tana da sauƙin hali, amma a nesa tana iya raunata dabba ba ta kashe ba. Ni nakan ce ya matsa kusa kawai, kamar yadda aka koya mana. Sai ya yi dariya ya ce a can babu ciyawar da za ta ɓoye ƙato irina. Zuciyarsa ta tsaya, ya rasu bai kai ga zaɓa ba.

A garinmu idan maharbi ya mutu, babu mai amfani da bindigarsa sai babban abokinsa ya yi harbi ɗaya da ita, don daji ya ji cewa mai ita ya tafi. A maƙabartar Birmingham wa zai bar ka? Doka ta ce bindiga ta koma hannun mai lasisi, sai Saratu matarsa ta miƙa wa Graham. Ina tsaye ya ɗauke ta cikin jakarta ya sa a mota. A watan da aka yi haka na shiga ajin koyon karatu na manya. Na ɗauki lokaci, amma ranar da na koma kabarin, da kaina na karanta sunansa.

Da Bitrus zai dawo yau, zai ga waya tana auna wa maharbi nisa da iska, kuma na tabbata zai fi kowa murna. Zai ga ɗansa Dauda, wanda aka haifa a nan, ya zama magidanci yana aiki a council, wato ƙaramar hukuma, har ya samu nasa lasisin. Ban san me zai ce ba in ya gan ni a bas ɗin Stockport Road ina karanta mujallar bindigogi da yatsa a kan layi.

Watan jiya Dauda ya kira mu gidan mahaifiyarsa bayan an tashi daga coci, ni da Graham. Ya ce zai je Kanada ya cika burin babansa. Izininsa na bindiga ɗaya ne, ko ya karɓi ta Bitrus, ko ya sayi sabuwa. Graham kuma ya ce 'yan sanda sun fara tambayarsa dalilin ajiye bindigar da ba ya amfani da ita. In Dauda bai karɓa ba, kuma ta ci gaba da zama haka, sai dai a mai da ta shago, wani baƙo ya saya.

Na ce tsohuwar zuma da ita ake magani, a tafi da ta ubansa. Graham ya bari na gama, sannan ya yi magana a hankali, Dauda yana juya mini inda ban kama ba. Ya ce elk da aka raunata daga nesa takan shige daji ta yi kwanaki tana mutuwa. Ubana ma da sanda yake dukan yaron da ya bar dabba ta tafi da rauni. Dauda ya dube ni ya ce da Hausarsa mai ƙamshin Birmingham, "Kawu, ka yi haƙuri, 300 zan ɗauka."

Na tambayi Graham me ya hana shi amfani da ita duk shekarun nan, tunda a hannunsa take. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Bitrus ya gaya mini al'adarku," in ji shi. "Ya ce harbin farko naka ne, Ayuba. Ban san yadda zan fara yi maka maganar ba."

Saratu ta tashi ta shiga kicin. Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina ba godiya ba ce. Cewa na yi a zuci, ashe har wannan ma ya gaya masa.

Asabar ta gaba Graham ya kai ni filin harbinsu a matsayin baƙo. Ba a harbi sama a nan, sai allo da tudun ƙasa a bayansa. Na kwanta, na sa kuncina inda kuncin Bitrus ya goge katakon har ya yi santsi. Na kira sunansa da na ubansa, na ja kunama. Dauda ya ce ya ga inda harsashin ya shiga, na ce kada ya gaya mini. Ba allo na harba wa ba.

A hanyar komawa Manchester na gane abin da na yi. Da hannuna na buɗe wa Graham hanyar amfani da bindigar. Yanzu Graham zai riƙa fita da ita, 'yan sanda su daina tambaya, ta tsira daga shago, ta zauna a gidansa har abada. Shi ne kuma zai raka Dauda Kanada. Ni na dawo da kwankon harsashi ɗaya, yana kan tagata.

Mutane kan ce abin da mamaci ya bari shi ne 'ya'ya da suna mai kyau. Bitrus ya bar waɗannan. Ya kuma bar tsofaffi biyu da kowannensu yake ganin shi ne babban abokinsa, ɗaya ya riƙe amana shekara bakwai, ɗaya ya yi ta jira. Graham mutumin kirki ne, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Allah ya ji ƙanka, Bitrus. Graham ya san tsaunukan da ka hau, amma ni na san ranar da ka fara harbi, adaka ta yar da kai a ƙasa kana kuka, na ɗaga ka. Wannan dai na tabbata ba ka gaya masa ba.