Filogin Ɗakin Tsiron Wake

Shekara talatin da takwas Bong Sun-rye ta yi tana tsirar da wake a ɗakin bayan gidanta a Jeonju, kuma tun da ta fara ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Ba son gida ne ya ɗaure ta ba. Tsiron wake ne ba ya jira: duk awa uku sai an kwarara masa ruwan sanyi, in ba haka ba ya ɗau zafi a cikin baho, ya yi yauƙi, ya ruɓe. Baho goma sha biyu gare ta, lulluɓe da baƙin yadi don kada haske ya mayar da kan tsiron kore. Masu dafa miyar safe a bakin kasuwa wajenta suke saya. A unguwa ba mai kiran sunanta, 'Yar Gochang ake cewa, da sunan garin da aka auro ta.

Saboda waken nan ba ta je jana'izar mijin yayarta ba. Yayar, Sun-deok, tana zaune a Mokpo, ta riƙe abin a ranta shekara shida. Sai ga waya a tsakiyar zafin watan takwas: tana asibiti, huhu ne, kuma likita bai ɓoye mata komai ba.

"In wake ya ba ki izini, ki zo," in ji ta, ta kashe.

Sun-rye ta tsallaka titi wajen Tak Man-sik, dattijon da ke gyaran fanka da tukunyar shinkafa ta lantarki. Da yamma ya zo da injin ruwa, da tiyo mai huje-huje da ya rataya a saman bahunan, da wani ɗan allo mai jajayen lambobi. Rile mai agogo, in ji shi. Zai kunna injin minti huɗu, ya kashe awa uku, ya sake.

"Wannan ne zai yi aikina? Ai kwalin ashana ya fi shi jiki."

"Shi dai ba ya ciwon gwiwa, Yaya, kuma ba ya zagin maƙwabta."

"In ya kashe mini wake, kai zan jiƙa a bahon."

Kwana biyu ta yi a kan kujera a gaban allon da moɗa a hannu, tana jiran ya yi kuskure. Lokaci na cika sai ta ji ƙas, ruwa ya zubo. Bai makara ko sau ɗaya ba. Ta ji haushin hakan.

Matan zamaninta sun tashi ana tsoron wutar lantarki kamar maciji. Surukarta ta koya mata cewa macen kirki ba ta barin filogi a bango in za ta fita, ko kasuwa ce. Ranar tafiya ta zare na tukunyar shinkafa, na talabijin, na fanka. Ta leƙa ɗakin baya, ta gyara yadin baho na uku, ta sunkuya ta zare na can ma, ta rufe da kwaɗo.

A tashar Gwangju, inda ake sauya mota, jikinta ya gaya mata lokacin ruwa ya yi. Ta fara murmushi, yau wani ne zai tashi. Sai ta tuna da sunkuyawar nan. Ta kira Man-sik, wayar ta yi ta ƙara. Laraba ce, ranar da yake hawan dutse da tsofaffin abokansa, kuma makullin ɗakin ɗaya ne tak, yana jakarta.

Motar Jeonju tana dama, ta Mokpo tana hagu. In ta koma yanzu za ta ceci waken. Ta tsaya har direban Mokpo ya ce, "Kaka, shiga za ki yi ko gadi aka ba ki?"

Ta shiga.

Sun-deok ta rame, ba abin da ya rage mata sai baki. "Wa ya mutu kika fito?"

"Wake, Yaya. Baho goma sha biyu."

Da Sun-deok ta ji yadda aka yi, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka kira nas. Kwana huɗu Sun-rye ta yi a wurin. Ta yanke mata farce, ta ba ta kunun shinkafa a baki, suka yi faɗa a kan wadda ta ɓatar da zoben azurfar uwarsu. Ba wadda ta ta da zancen jana'izar mijin.

Da ta dawo, wari ya tarye ta tun daga ƙofar gida. Ta kwashe ruɓaɓɓen tsiron, ta wanke bahunan da ruwan zafi, ta bi masu miya ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu laifinta ne. Man-sik ya zo ya duba. Ya yanke filogin, ya haɗa wayar wutar kai tsaye cikin bango, ya rufe da marfi.

"Na'urar lafiya lau take. Hannunki ne ba ya jin magana."

Ta jiƙa sabon wake. Mako biyu bayan haka Sun-deok ta rasu. Sun-rye ta je Mokpo, ta yi kwana ukun makoki cur, ita ce a bakin ƙofa tana karɓar masu gaisuwa. Ta dawo ta tarar da tsiro fari tas, ya kai tsawon yatsa.

Har yau in za ta fita takan leƙa ɗakin baya, ta sunkuya, ta shafa marfin nan, sannan ta rufe ƙofa.