Inna Mai Guga da Jikar Maƙwabciya

Shagon Inna Mai Guga bai fi ɗakin girki girma ba. Tebur ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa tsohon bargo da ya sha ƙuna, sai igiyar rataye riguna daga bango zuwa bango, sai murhun gawayi a bakin ƙofa. Asali sana'ar mijinta ce. Da ya rasu ya bar ta da yara uku, mutane suka ce mace ba za ta iya riƙe shagon guga ba. Ita kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali ta hura wuta. Da wannan dutsen gugar ta ga ƙarshen karatun 'ya'yanta, ita da aka cire daga aji huɗu bayan rasuwar mahaifinta don ta yi renon ƙanne.

Tsallaken layi, daidai saitin ƙofarta, akwai ɗakin wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, da jikarta Auta. Uban Auta ya rasu, shekara na zagayowa uwar ta bi shi. Baffanni suka kwashe yayyenta maza, aka bar wa Kaka ita. Da can yarinya ce mai surutu, sai an roƙe ta take yin shiru.

Bayan rasuwar sai ta daina zuwa makaranta. Ba rashin kayan karatu ba ne, baffanta ya yi komai. Kaka ta yi lallashi, ta yi faɗa, malamar ajinsu ma ta zo har gida, duk a banza. Auta sai ta zauna a dokin ƙofa tun safe har yamma, ko aike ba ta yarda ta yi nisa. 'Yan layi suka ce kangarewa ce ta fara.

Wata safiya dai Inna ta leƙo ta ce, "Uwar ɗakina, zo ki kama min zanen gadon nan. Hannuna biyu ne kacal, shi kuwa bakinsa huɗu."

Auta ta zo ta kama. Kashegari ma ta zo. Tana ninki, amma idonta na kan ƙofar Kaka. Rannan suna cikin aiki sai aka ji bokiti ya faɗi a cikin gidan Kaka. Yarinyar ta saki zane ta zuba a guje tana kiran Kaka da wata irin murya. Ashe santsi ne ya kwashe bokitin, tsohuwa na nan ƙalau tana mita. Auta ta dawo shago tana haki.

Inna ta ajiye dutsen guga, ta jawo ta kan benci, ta ba ta ruwa. Sai da numfashinta ya daidaita ta ce, "Faɗa min, me kike gadi?"

Auta ta ce, "Ranar da Umma ta rasu, lafiyarta lau na tafi makaranta. Ita ta ɗaura min igiyar takalmi. Da na dawo sai na tarar da takalman mutane cike da ƙofarmu." Ta dubi ƙofar Kaka. "In na tafi, Kaka ma haka za ta yi min."

Inna ta ji abin har cikin ƙashinta. Ta rungume ta, ta bar ta ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar.

"Rai na Allah ne, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji ta. "Amma ƙofar nan nake kallo tun kafin a haife ki. Ki bar min gadin."

"In wani abu ya faru fa?"

"Da ƙafata zan zo in ɗauko ki. In ma bai faru ba, zan zo in faɗa miki."

Haka kuwa aka yi, Auta ta koma makaranta. Kullum in lokacin tara ya yi, Inna sai ta juye garwashi, ta ja ƙofar shago, ta taka har katangar makaranta da ciwon gwiwarta. "Kakarki na nan tana ciniki da mai kayan miya, ta hana shi sakat," za ta ce. Ranar farko Auta ta riƙe mata hannu ta biyo ta gida, Inna ba ta yi mata faɗa ba. A hankali Auta ta fara kaiwa lokacin tashi. Masu kaya kan zo su tarar da shago a rufe, wani ma ya kwashe rigunansa ya kai wani wuri. Kaka kuwa cewa take, "Ni yanzu ko atishawa na yi sai an kai rahoto makaranta."

Kafin zangon ya ƙare, Auta da kanta ta ce, "Inna, ki huta da zuwan nan, ƙafarki ta kumbura."

Da yamma a shagon take aikin gida. Ta jawo ƙawarta da ita ma ba ta da uba. Sai ga ɗan mai ruwa da ya bar aji biyar ya kama tura kura, yana raɓewa yana leƙen littafi. Inna ta je wurin hedimasta, ta zauna a ofishinsa ta ƙi tashi sai da ya karɓi yaron. Akwai wani tsohon malami da ke kawo mata guga, shi ma ta tare shi: "Malam, kana zaune kana hira da rediyo, ga yara nan lissafi na ba su kashi." Ya yi dariya, amma ya zo, har yau kuma bai fasa ba. Benci ɗaya ya zama uku, sun fito har bakin layi.

Auta yanzu tana ajin ƙarshe a sakandare, surutunta ya dawo har ya yi yawa. Inna kuma tsufa ya kama ta. Babban ɗanta ya gyara mata ɗaki a gidansa, kullum yana waya ta rufe shago ta dawo ta huta.

"Bari 'yar kafintan nan da ke karatu a bencina ta rubuta jarrabawa tukuna," in ji ta.

"Inna, bara ma haka kika ce, da ɗan mai ruwa."

"To ai ya ci," ta ce. "Ka gaida min yaran, wutata na mutuwa."